Gwanintar Gano Abin da Ya Hana Laftof Barci

Cikin matsalolin laftof babu mai wuyar kamawa kamar ta barci. In allo ya fashe ido na gani, in caja ta ƙone hanci zai ji. Amma wadda aka rufe murfinta lafiya lau aka sa a jaka, aka zo ɗauka aka tarar ta yi zafi zau, batir ya mutu murus, ta yi ɓarnarta ne lokacin da babu mai kallo. Mai ita kuwa kusan kullum magana ɗaya ce a bakinsa: "Wallahi lafiyarta ƙalau, tun da ta yi ofdet ɗin nan ne ta fara."

A shaguna da yawa amsar a shirye take: sai an yi fomat. A goge komai, a zuba sabuwar Windows, bayan kwana biyu ta sake janyo ofdet ɗin da ya jawo matsalar, a koma gidan jiya. Wanda nake jinjina wa shi ne mai gyaran da zai ja kujera ya ce, "Hajiya, ƙin yin barcin take yi, ko tana yi ta farka da kanta, ko kuwa tashin ne ba ta yi?" Da wannan tambayar ya riga ya yi rabin aikin, domin cututtuka ne daban-daban da suka yi tarayya a suna.

Barcin kwamfuta yana da tsari rubutacce. A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta jera matakai daga S0, wato kwamfuta na aiki, zuwa S5, wato a kashe. A matakin S3 kusan komai na mutuwa ban da RAM, wadda ake ɗiga wa 'yar wuta don kada ta manta abin da ke cikinta. A S4, dogon barcin da ake kira haibanet, ana kwashe abin da ke RAM a rubuta a faifai cikin fayil mai suna hiberfil.sys, sannan a yanke wuta gaba ɗaya. Ga mai tsohon batir a unguwar da ake yini babu wuta, wannan na biyun shi ne rufin asiri: ko batir ya ƙare, aikinsa na nan inda ya bar shi.

Kafin a shiga ko wanne, Windows sai ta bi kayan cikin na'urar ɗaya bayan ɗaya, katin hoto, na sauti, na Wi-Fi, ramukan USB, ta umarci direban kowanne ya kwanta. Direba a nan shi ne 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da ƙarfen. Kamar maigida ne da ba zai sa wa ƙofar zaure sakata ba sai ya ji kowane ɗaki ya amsa cewa mutanensa sun shigo. Yaro ɗaya ya tsaya a waje, gidan duka ba zai kwanta ba. Ofdet kuwa yakan canza direbobi ba tare da mai kwamfuta ya sani ba, ya cire wanda kamfanin laftof ɗin ya gwada da injinsa, ya sa na gama-gari. Abin ya fi shafar tsofaffin ThinkPad da EliteBook da Latitude da suka cika kasuwanninmu, waɗanda masu ƙera su suka daɗe da daina fitar musu da sababbin direbobi. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, da yawansu an ɗora musu Windows 11 da ƙarfin tsiya, alhali ba sa cikin jerin injinan da aka yi ta dominsu.

Gwani ba ya zato, tambayar na'urar yake yi. In ƙin barci take, zai buɗe baƙin allon umarni da ikon mai kula da kwamfutar ya rubuta powercfg /requests, nan take Windows ta faɗi sunan mai riƙe ta. Sau da yawa direban sauti ne yake ganin har yanzu ana sauraron wani abu, ko shafin bidiyo da aka manta a buɗe. In farkawa take da tsakar dare, powercfg /lastwake zai nuna wanda ya tashe ta na ƙarshe, /waketimers ya nuna manhajojin da suka saita lokacin tashi, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar sashen ofdet ɗin kansa ne ke tashin ta don ya ƙarasa aikinsa. Wani lokaci maus ne kawai mara waya da ke motsi a cikin jaka. A cire masa izinin tashin kwamfuta, magana ta ƙare.

Inda hannu ke bambanta da hannu shi ne wadda ta ƙi tashi. An buɗe murfi, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Mai gaggawa zai danne maɓallin wuta. Gwani zai fara taɓa Caps Lock ya kalli 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar ta farka, allon ne bai bi ta ba, zargi ya koma kan direban hoto. Zai haɗa maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B, waɗanda ke farfaɗo da direban hoton, ya saurari 'yar ƙarar da ke biyo baya. In fitilar ta ƙi motsi, abin ya fi haka zurfi, sai ya koma kundin da Windows ke rubuta duk abin da ya faru. Lamba 42 daga Kernel-Power na nufin an shiga barci. Lamba 1 daga Power-Troubleshooter na nufin an dawo, har da sunan abin da ya tashe ta. In ya ga 42, bai ga 1 ba, sai 41 ta biyo baya, wadda ke nufin an kunna kwamfutar ba tare da an kashe ta yadda ya dace ba, ya san a hanyar ta maƙale. Daga nan ya duba direbobin da suka canza a ranar ofdet, ya mayar da guda ɗaya kan tsohonsa, ya gwada. Guda ɗaya tak. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, kuma ranar da ta dawo ba shi da abin cewa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun Windows 8, a 2012, kashe kwamfuta ta hanyar Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce in an bar saitin da ake kira saurin tashi a kunne: ana ajiye zuciyar manhajar da direbobinta a hiberfil.sys, a ɗauko su washegari yadda suke, har da lalurarsu. Restart ne ke fara komai daga tushe. Shi ya sa in mutum ya ce ya kashe ya kunna ba adadi, gwani zai tambaye shi ta wace hanya. Yakan kuma kashe haibanet da powercfg /h off ya sake kunnawa, don a share tsohon fayil ɗin a gina sabo.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace. Umarnin powercfg /a yana nuna irin barcin da injin ya iya, kuma sababbin laftof da yawa ba su da S3 sam. Suna da abin da Microsoft ta kira Modern Standby, barci irin na wayar hannu, inda injin ke ci gaba da ɗan aiki a ɓoye. Rahoton powercfg /sleepstudy zai nuna nawa batir ya sauka a kowane barci da kuma abin da ya fi sha. A ganina nan ne gaskiyar mai gyara ke fitowa. Zai iya karɓar kuɗin gyara ya yi shiru, amma sai ya ce, "Malam, haka aka ƙera ta. Bari in saita maka murfin ya riƙa kai ta haibanet, ita ce ta dace da jaka."

Dabarar da ta fi burge ni daga ɓangaren Linux ta fito. In kwamfuta ta daskare tana cikin farkawa, ba ta iya rubuta komai a faifai, abin da ke RAM kuma zai tafi da zarar an kashe ta. To ina za a ajiye shaida? A 2006 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya kawo mafita: agogon cikin injin, wanda ɗan batir ɗinsa daban yake, ba ya mantuwa. In aka kunna saitin pm_trace, kafin a tashi kowace na'ura ta cikin injin sai a rubuta lambarta a gurbin kwanan wata da lokaci. In ta daskare, a kashe a kunna da sauri kafin agogon ya yi gaba ya ɓata lambar, sai a karanta sunan na'urar da aka tsaya a kanta. Agogon zai nuna shekarar da ba ita ba, a gyara shi daga baya. Mutum ya duba injin gaba ɗaya ya gano wuri guda da ke tsira daga mutuwar wuta, ya mai da shi takardar saƙo.

Gwani yana kuma lissafin kwanaki, domin bayan babban ofdet Windows tana ba da kwana 10 ne kacal na komawa tsohuwar siga, shi ya sa yake son a kawo masa ita da wuri. In ya gyara ba ya miƙa ta nan take. Zai rufe ya buɗe sau da yawa, da caja a jiki da kuma babu, domin saitin kowanne daban ne, ya rubuta yawan batir da yamma ya kwatanta da na safe. In bincike ya nuna sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tada injin, wanda sau da yawa a can maganin yake, ba zai fara ba sai batir ya cika kuma janareto na aiki, saboda yankewar wuta a tsakiyar wannan aikin na iya hana injin tashi kwata-kwata. In babu tabbacin wuta a ranar, zai ce a dawo gobe.