Daga Shanu Zuwa Dala: Makomar Maigida a Kurmi

Abin da ya riƙe Bahaushe a Inugu, Anaca da Fatakwal tun farko shi ne maigida. Falke zai sauko da shanu, ba ya jin Ibo, bai san mahauci ko ɗaya ba. Maigida ne zai ba shi masauki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki shanunsa bashi. Babu takarda, babu sa hannu. In mahauci ya ɓace maigida ya biya, domin sunansa ne jarinsa.

Kasuwar duniya ce ma ta buɗe hanyar. Turawa sun haɗa Fatakwal da Inugu da layin dogo a 1916 don kwasar kwal, gadar Makurɗi ta 1932 ta sauƙaƙa hanya zuwa Arewa, shanu suka hau jirgi. A shekarun 1950 har wani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko.

Da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986, sai sabuwar haja ta fito. Ɗan kasuwar Anaca mai ɗauko kaya daga waje, daga baya musamman Guangzhou ta ƙasar Sin, yana neman dala yau, banki kuwa sai jira. Ya nufi 'yan canji, irin na titin Owerri a Inugu da na kusa da Hotel Presidential a Fatakwal. A ganina nan ne al'adar ta nuna ƙarfinta: amanar da ta ɗauki bashin shanu ita ce ta ɗauki na dala. A miƙa kuɗi a Kurmi, a karɓa a Wapa ta Kano da magana ɗaya, kuma yaron da ke tare masu motoci a bakin titi yana da uban gida da zai amsa laifinsa.

Wayar hannu ce ta fara sassauta wannan igiya. Farashi ya daina fitowa daga bakin manya, kowa na ganinsa a tafin hannunsa. Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala a Yulin 2021, ya kuma soke lasisin 4,173 daga cikinsu a Maris na 2024.

Amma abin da ya fi damuna ba ribar da ta ragu ba ce. Yaron yau yakan hau tirelar albasa da lambar waya ɗaya a aljihu. Ya sauka, ya ɗauki tallan caja da tabarau 'yan Sin, ko ya shiga bola-jari, ya kwana a barandar masallaci. Ya sami 'yancin da falken zamanin da bai samu ba, gaskiya ne. Sai dai ranar da aka kama shi, ko rikici ya tashi, Sarkin Hausawa zai tambaya, "Yaron wa ne?" Zauren ya yi shiru.