Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Suturar Intabiyu a Ƙasar Gobir

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin matasan da suka yi karatun boko a Kurawa da Gatawa da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, inda duk wanda aka gayyata intabiyu, wato ganawar baki da baki da masu ɗaukar ma'aikata ke yi da mai neman aiki don su auna iliminsa da hankalinsa, yakan fara cigiyar kwat tun kafin ya sake duba takardunsa. Ɗabi'ar ta biyo su ne daga jami'o'i da sansanonin bautar ƙasa da hotunan da ke yawo a wayoyin hannu, har ta kai wasu na ganin cewa kaftani da hula kayan zaman majalisar unguwa ne, ofis kuwa sai da kwat da naktaye. Wannan fahimta kuskure ce mai tsada, domin tana cinye kuɗin da matashi ba shi da su, kuma tana raba shi da natsuwa a ranar da ya fi bukatarta.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa sutura magana ce. Wajen shekarar 1788, a lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami don Babbar Sallah, ɗaya daga cikin buƙatu biyar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya gabatar masa ita ce a girmama duk mai sanye da rawani, sannan da Nafata ya hau gadon sarautar Gobir, cikin dokokin da ya kafa don rage ƙarfin jama'ar Shehu har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. A ƙasar da aka taɓa yin doka a kan abin da mutum zai ɗora a kansa, wadda kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir, ke cikinta tun faɗuwar birnin a 1808, babu wanda ke bukatar a koya masa cewa tufa tana isa gaban mutane kafin baki ya buɗe. Tambayar da ta rage ita ce wace tufa ce ke faɗin gaskiya a kan mai ita.

Amsar tana hannun tela. Telan da ke zaune a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya shekara yana yanka kaftani da jamfa, ya san yadda zai auna kafaɗa da tsawon hannu, ya san inda aljihu zai zauna da yadda wuya zai kwanta, saboda haka abin da ya fito daga kekensa na mai shi ne shi kaɗai. Kwat kuwa sana'a ce ta daban, mai shafi a ciki da ciko a kafaɗa, wadda ƙalilan ne cikin telolin karkara suka koye ta, don haka matashi yakan koma ga aro a wurin aboki ko ga gwanjo, wato tufafin da aka riga aka sa a ƙasashen waje aka shigo da su cikin dila. Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin layin masu jiran intabiyu a Sakkwato: kafaɗar rigar ta zarce ta mai ita, hannunta ya sauko ya rufe yatsu, ƙafar wandon ta taru a kan takalmi, naktayen da wani ya ɗaura tun daren jiya ya karkace gefe guda. Idan aka haɗa wannan da zafin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, da doguwar tafiya a cikin mota cike da fasinja a kan hanyar da rashin tsaro ya sa kowa ke son ya isa da rana tsaka, sai mutum ya shiga gaban kwamiti yana zufa, hankalinsa ya rabu biyu tsakanin tambayar da aka yi masa da rigar da ke shaƙe shi. Hausawa sun gama magana da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai akwai wani zarce gona da iri a ɗaya ɓangaren, wanda shi ma ya cancanci a tsawata a kansa. Wasu matasan, da suka ji an ce kayan gida sun wadatar, sai su ciro shaddar Sallah mai walƙiya da aikin kwamfuta, wato adon zare da na'ura ke zubawa a ƙirjin riga, ko ma su aro babbar riga mai aska takwas, su tafi kamar masu zuwa ɗaurin aure. Babbar riga tufar manya ce, tana da nata ladabi, kuma mai ita ba ya rabuwa da ɗage hannayenta zuwa kafaɗa, abin da bai dace da wanda zai miƙa takardu ko ya tashi ya yi rubutu a allo ba. Haka kuma a tarbiyyar Bahaushe ba a son mai nema ya fi wanda zai ba shi ado. Abin da ya dace shi ne kaftani na yadi mai sauƙi, fari ko ruwan toka ko ruwan sararin samaniya, mai ɗan siririn aiki a wuya, wanda aka wanke aka goge ko da da dutsen guga na gawayi ne, aka naɗe shi cikin jaka don a sa bayan an sauka daga mota. A haɗa shi da hula kube ko zanna bukar da ta fito daga hannun mai wankin hula, da takalmi sau-ciki da aka share masa ƙura, a rage turare, a gyara gemu da farce, kuma a kammala duk wannan kwana biyu kafin ranar, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Da sutura irin ta gida Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960, ita ce kuma Alhaji Shehu Shagari ya yi mulki da ita daga 1979 zuwa 1983, don haka babu teburin ofis da ya fi ƙarfinta.

Lamarin mata ya fi nauyi, domin su ne aka fi yi wa raɗa cewa hijabi ko mayafi zai rage musu maki. Dokar ƙasa ba ta goyi bayan wannan tsoro ba: ɗalibar lauya da aka hana shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja a 2017 saboda hijabinta an rantsar da ita da shi a 2018, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Abin da ya rage wa mai neman aikin koyarwa ko na asibiti shi ne ta zaɓi atamfa ko abaya marar hayaniyar launi, da hijabi mai tsafta wanda ya bar fuska a fili kuma bai hana hannu aiki ba, ta ajiye leshi mai duwatsu da awarwaro masu ƙara don ranar biki.

Masu kare kwat suna da hujja guda mai ƙarfi, ita ce cewa wasu ayyuka suna da tufar da suka ginu a kanta. Bankuna da yawa suna son ma'aikatansu cikin kwat, ban da ranar Juma'a, lauya yana da baƙi da farinsa a kotu, kuma rundunar 'yan sanda takan umarci masu neman shiga su zo wurin tantancewa da farar riga da gajeren wando fari. A irin waɗannan wurare bin ƙa'ida shi ne alamar farko ta cancanta, kuma wanda zai je banki ya kamata ya kai kwat ɗinsa wurin tela a rage masa ita daidai jikinsa. Amma mafi yawan guraben da ɗan Kurawa ke nema na malanta ne, da aikin lafiya a matakin farko, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin agaji masu hidimar 'yan gudun hijira, kuma a duk waɗannan zai yi aiki ne da mutanen da suka fi sakin jiki da wanda ya yi kama da su.

Saboda haka akwai nauyi a kan masu ɗaukar aiki su riƙa rubuta irin suturar da suke so a cikin takardar gayyata, domin layi ɗaya zai hana ɗan talaka cin bashi a kan zato. Akwai kuma nauyi a kan iyaye da malamai su daina nuna wa yara cewa ilimi yana da tufar da ba a ɗinka ta a garinsu. Bagobirin da zanen gidansu ke kumatunsa, wanda harshensa zai faɗi inda ya fito tun daga sallama, ba shi da abin ɓoyewa a gaban kwamiti, kuma rigar da aka yanka a kan awonsa ita ce za ta bar shi ya zauna daidai, ya dubi masu tambaya, ya mai da hankalinsa duka ga amsa.