Yaron Kwamfuta a Labaranmu

Duk mai bin littattafan da ake turowa kashi-kashi ta WhatsApp da Wattpad ya taɓa cin karo da shi. Ba shi da suna, "yaron kwamfuta" kawai ake ce masa. Yana sanye da tabarau, bai iya gaisuwa ba, ba a san gidansu ba. Idan aka sace jarumar labari, shi ake kira, ya danna madannai sau uku, sai ga inda aka ɓoye ta ya bayyana, tamkar boka ya buga ƙasa. Idan kuma labarin na ofis ne, shi ne wanda manaja ke daka wa tsawa don firinta ta ƙi aiki. Daga nan ba ka sake jin ɗuriyarsa.

Wannan hoto na aro ne, kuma rabinsa muka aro. A 2006 tashar Channel 4 ta Ingila ta fara nuna wasan barkwanci mai suna The IT Crowd. An jefa Roy da Moss a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ya kira su kuma shawara ɗaya yake samu: ya kashe ya kunna. Amma shugabar da aka ɗora musu, Jen, ba ta san komai game da kwamfuta ba, kuma manyan kamfanin ne suka fi shan zambo. Marubutanmu sun ɗauko tabarau, sun baro zambon.

A shekarar 2006 ɗin ce aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero, inda matasan wannan yanki ke koyon ilimin kwamfuta. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yarinyar da ta taso daga Gehuru da asuba don ta zauna jarrabawar, ƙoƙarinta na shekara guda yana hannun mutumin da ya kwana yana duba wayoyi, batura da janareta. In komai ya tafi daidai, ba wanda zai tambayi sunansa. In fuskar kwamfuta ta yi duhu ana tsakiyar amsa tambaya, shi za a nuna da yatsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙasa baki ɗaya ta ga nauyin wannan aiki ranar 25 ga Fabrairu, 2023, lokacin da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin INEC a kan lokaci. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, jama'a da dama suka ce da walakin. Wane marubuci ne zai rasa labari a ɗakin da aka yi wannan gumi?

Babban abin da labaranmu ke tsallakewa shi ne amana. Mai kula da kwamfutocin ma'aikata yana iya ganin albashin kowa, da makin ɗalibai, da saƙon da oga ya zaci ya goge. Ka ƙaddara kawunsa ya same shi da daddare ya ce, "Ɗana, maki biyu kacal ƙanwarka take nema." Ya yi, ya ci amana, ya ƙi, an ce ya yanke zumunci. A nan rikicin labari yake, ya kuma fi danna madannai uku kama zuciyar mai karatu.

Aliero ta yi suna da masu ɗori. Daga nesa ake kawo musu masu karaya, ana kiran su da sunayensu, an san gidajen da suka gaji sana'ar. Mai ɗorin kwamfuta ma ba a nemansa sai abu ya karye, shi ma ana miƙa masa abin da mai shi bai san cikinsa ba. Marubucin da zai saka shi a labari na gaba ya fara raɗa masa suna, ya ba shi uwa da bashi da abin da ke hana shi barci, sannan ya bari mu ga abin da zai ce wa kawun nasa.