Jinjina ga Masu Auna Girman Na'ura da Alƙalami

A Tudun Jukun, Zariya, duk wanda ya shigar da lambar waya a manhajar tura kuɗi, akwai ɗan tsarin da ke tantance ko lambobin sun cika 11. Masana lissafi suna kiran irinsa otomata, wato na'urar da ke tafiya daga mataki zuwa mataki. Wannan aikin matakai 13 yake buƙata: na farawa, 11 na ƙirge, da na ƙin karɓa.

Masu wannan ƙididdiga sun cancanci yabo. A 1959 Michael Rabin da Dana Scott suka nuna cewa duk na'urar da ke da zaɓin hanyoyi ana iya mayar da ita mai hanya ɗaya. Aikin ya kai su ga lambar yabo ta Turing a 1976. Sai dai canjin yana da tsada, domin Frank Moore ya tabbatar a 1971 cewa matakai 10 na iya komawa 1,024. A 1994 kuma Yu, Zhuang da Salomaa suka auna kuɗin haɗa na'urori biyu: mai matakai 20 da mai 30 na iya cin matakai 600.

A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da ilimin kwamfuta. Malaman da ke zana wa ɗalibai da'irori da kibiyoyin otomata a allo su ne ke horar da masu rubuta manhajar da ƙaramar waya za ta iya ɗauka.