Lakwal biyu, inspeksiyon guda: abin da na gani daga bencin baya

Ƴan uwa ɗalibai, hutun da ya wuce na koma gida, jihar Maradi, don tattara kalmomin aikin bincikena. Lakwal ba ta rufe ba tukuna, sai na roƙi izini na zauna bencin baya a makarantu biyu na gwamnati, duka ƙarƙashin inspeksiyon guda. Ba zan kama suna ba, don ba malaman nake tuhuma ba. Tsarin karatun nake so mu duba.

Ta farko irin wadda muka yi ce, Faransanci zalla tun daga CI. Ƙanwata tana CE2 a can. In mushe ya ja baki, ita da sauran yara su ƙarasa da ƙarfi, gwanin daɗi. Da dare na buɗe mata shafin nan, na sa yatsa tsakiyar layi, na ce karanta daga nan. Shiru. Shekararta ta huɗu ke nan, wallahi hadda take, ba karatu ba.

Ba daƙiƙiya ce ba. Kaya biyu aka aza mata lokaci guda: ta gane cewa harafi sauti yake wakilta, kuma ta koyi harshen da ba ta taɓa ji a gida ba. Harshen ma wanda sauti guda sai a rubuta shi “o”, a rubuta “au”, a rubuta “eau”.

Ta biyu mai harshe biyu ce, ana farawa da Hausa. A CP na ga yaro ya karanta labarin kura da gizo, ajin ya tuntsire da dariya. Wannan dariyar ita ce shaidar fahimta, ban ji irinta a waccan ba. To amma kada mu yi saurin tafi.

Na ɗaya, littafi. Yara sun yi wa guda ɗaya rumfa, na gefe a karkace yake ganin baƙi.

Na biyu, malamin ɗan kwantaragi ne, yana da himma, amma ya ce mini ba a taɓa koya masa ƙa'idar rubutun Hausa ba. A allo ya rubuta “tchi” maimakon “ci”, ƙugiya kuwa babu. Yaya yaro zai raba “kafa” da “ƙafa”, ko “bata” da “ɓata”?

Na uku, karin harshe. Yaro ya ce “tahi” da “biyat” kamar yadda uwarsa ke faɗi, littafi ya ce “tafi” da “biyar”, sai a ce masa bai iya ba. Daidaitaccen rubutu ya zama dole, na yarda. Amma a gaya wa yaro haka ake rubutawa, kada a ce bakin gidansu kuskure ne. In ba haka ba, sambol ɗin da aka rataya wa iyayenmu ne ya dawo da rigar Hausa.

Na huɗu shi ya fi damuna. Wani uba ya ce mini: “Hausa ai ya iya ta tun a goye, BEPC da Hausa za a yi?” Yana da gaskiyarsa. A koleji kusan komai da Faransanci ne, in ba a gina gadar shiga Faransanci tun da wuri ba, yaron ne zai faɗa ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Dokar LOSEN ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ban gani ba a ajin nan shi ne horon malami da isasshen littafi.

Kafin in dawo jami'a na yi mako uku ina koya wa ƙanwata baƙi da wasali na Hausa bayan isha'i. Ta fara haɗa kalmomi da kanta, har ta soma gwada hakan a littafinta na Faransanci. Mu da ke karanta ilimin harshe, hutu mai zuwa kowa ya nemi malamin ƙauyensu, ko ƙugiyar nan huɗu ce ku zauna ku duba tare: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ.