Wa Ke Lallashin Fasto?

Yawancin 'yan mata 276 da Boko Haram ta sace a Chibok a 2014 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne. Fasto ne ya zauna da iyayensu, ya saurari tambayoyin da shi ma ba shi da amsarsu. A watan Oktoban shekarar hedikwatar cocin da ke Kwarhi ta faɗa hannun mayaƙan, fastoci suka zama 'yan gudun hijira, amma ba su fasa wa'azi da jana'iza ba.

Nasu kukan kuwa sai cikin ɗaki.

Da aka kashe Rabaran Lawan Andimi, wani faston cocin, a 2020, abokan aikinsa ne suka ƙarfafa jama'a, zuciyarsu a karye. Tarukan warkar da raunin zuciya da cocin ke shiryawa, su ma nasu ne.