Waƙar Leithian: Darajar Aikin da Bai Kammalu Ba

Tsakanin 1925 da 1931 J.R.R. Tolkien ya tsara waƙar Leithian, labarin Beren da Lúthien, cikin ɗango fiye da 4000 masu amsa-amo bibbiyu. Waƙar ta katse daidai inda kyarkeci Carcharoth ya gutsure hannun Beren, kuma sai a 1985 ɗansa Christopher ya buga ta. Akan ɗauke ta a matsayin sharar fage kawai ga littafin Silmarillion na 1977. Mu ba mu yarda da wannan ra'ayi ba. Hujjarmu kuwa tana cikin Silmarillion ɗin kansa: da labari ya iso gasar waƙa tsakanin Felagund da Sauron, sai zube ya kauce, aka ɗauko ɗangwayen Leithian aka sa a gurbin.